Yadda za ka raba RAM tsakanin MyISAM da InnoDB a saba ɗaya

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka har sau biyu, kuma na ji daɗi da ka kawo saitinka ƙarara ba ka ɓoye komai ba. Ka ce sabarka tana da RAM gigabait 16, Linux ce a kanta, ba ta ɗauke da komai sai MySQL 5.7, teburanku kuma a gauraye suke: tsofaffin na MyISAM ne, sababbin na InnoDB, wato injinan ajiya biyu da manhajar rumbun bayanai ta MySQL ke adana tebura da su. Ka ba `key_buffer_size` 6G, `innodb_buffer_pool_size` 8G, `query_cache_size` 1G, `sort_buffer_size` 32M, sannan `max_connections` 500. Da rana aiki na tafiyar hawainiya, wani sa'in kuma ka wayi gari ka tarar MySQL ya mutu cikin dare. Kana so ka san wanne za ka ƙara wa, wanne za ka rage.

Kafin mu taɓa lamba ko ɗaya, akwai abin da nake so ya zauna maka, domin shi ne tushen matsalar. MySQL ba shi da ma'ajiyar wucin gadi guda ɗaya da duk tebura ke amfani da ita. Kowane injin ajiya da tasa, kuma ba sa ara wa juna. Abin da ka ba MyISAM, InnoDB ba zai ga ko bait ɗaya a ciki ba, haka ma akasinsa. Ban da haka, yadda injinan biyu ke amfani da RAM ya sha bamban ƙwarai, har ta kai abin da ke gyara wa ɗaya shi ke ɓata wa ɗayan.

Mu fara da MyISAM, don a nan aka fi yin kuskure. Kowane teburin MyISAM yana da fayil biyu masu muhimmanci a faifai: mai ƙarewa da `.MYI`, wanda fihirisa ke ciki (jerin da ke nuna inda kowane layi yake don a same shi da sauri), da mai ƙarewa da `.MYD`, wanda ainihin layukan bayanai ke ciki. `key_buffer_size` fihirisa kaɗai yake riƙewa. Layukan bayanan kuwa MyISAM bai tanadar musu wuri ba sam. Duk lokacin da yake son layi, Linux yake roƙa ya karanto masa daga fayil ɗin, shi kuma Linux idan yana da sararin RAM da ba wanda ya riƙe, sai ya ajiye sassan fayilolin da aka karanta kwanan nan a ciki. Ma'ana, RAM ɗin da kake gani kamar a banza yake zaune, shi ne ma'ajiyar bayanan MyISAM. Ranar da ka rarraba shi kaf ga saitunan MySQL, ka kori teburanka na MyISAM zuwa faifai da hannunka. Za su nemo wurin da layi yake cikin ƙiftawar ido, tunda fihirisa na RAM, sannan su tsaya jiran faifai kafin su ɗauko layin kansa. Shi ya sa littafin jagorar MySQL ya ambaci kashi 25 cikin 100 na RAM ga wannan saiti a kan sabar da MyISAM ya fi yawa a cikinta, kuma ya yi kashedin cewa idan ka haura rabi, kwamfutar na iya shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi.

InnoDB ba haka yake ba. Shi komai nasa a shafuka yake, kowane shafi kilobait 16 idan ba a canza ba, kuma shafin bayanai da shafin fihirisa duk wuri ɗaya suke zama, wato tafkin da `innodb_buffer_pool_size` ke auna girmansa. Hasali ma a InnoDB teburin kansa fihirisa ne, an jera layukan bisa babban mabuɗinsu. Rubutu ma ta tafkin yake bi: idan ka canza layi, shafin da ke RAM ake canzawa, a rubuta abin da ya faru a kundin farfaɗowa, daga baya a sauke shafin zuwa faifai a hankali. Saboda haka InnoDB ba ya bukatar Linux ya riƙe masa komai. Idan Linux ya riƙe masa ma, asara ce, domin shafi ɗaya ya zauna a wuri biyu ke nan.

Daga nan ne shawarar nan ta "ba shi kashi 70 zuwa 80 cikin 100" ta samo asali, kuma gaskiya ce, amma da sharaɗinta: sabar ta zama ta rumbun bayanai kaɗai, teburan kuma duka InnoDB. Kai kuwa ka ɗauko shawarar masu InnoDB zalla, ka ɗauko ta masu MyISAM zalla, ka haɗa su a kwamfuta ɗaya. Yi lissafin da kanka. 6 da 8 da 1 sun ba da 15. Tafkin InnoDB kuma yana cin ƙarin kusan kashi 10 cikin 100 a kan abin da ka rubuta, saboda bayanan da yake riƙewa game da kowane shafi, wato wajen megabait 800 a naka. Ka kusa 16 ke nan tun ba a haɗa mutum ɗaya da sabar ba, ba a tace layi ɗaya ba, Linux kansa bai samu wurin zama ba.

Akwai wani abu da ya kamata in faɗa don kada lissafin nan ya ruɗe ka. Linux ba ya miƙa wa manhaja ainihin RAM sai ta taɓa shi. Idan fihirisar MyISAM ɗinka gaba ɗaya ba ta kai gigabait ɗaya ba, mafi yawan 6G ɗin nan alkawari ne kawai a rubuce, ba a karɓa ba. Wannan ne dalilin da ya sa saiti irin naka kan yi kwanaki lafiya lau bayan an tayar da sabar, sai ma'ajiyoyin su riƙa cika sannu a hankali, ranar da aiki mai nauyi ya faɗo a kai, komai ya rushe. Mutum ya ce jiya lafiya muka rabu da ita. Eh, jiya ba a gama karɓar abin da aka yi alkawari ba ne.

To abin yi na farko aunawa ne, ba canza saiti ba. Ka tambayi MySQL inda bayananka suke:

`SELECT engine, SUM(data_length)/1024/1024/1024 AS bayanai, SUM(index_length)/1024/1024/1024 AS fihirisa FROM information_schema.tables GROUP BY engine;`

Zai ba ka layi ɗaya ga kowane inji. Lambar fihirisar MyISAM ita ce iyakar abin da `key_buffer_size` zai taɓa amfana da shi. Ko bait ɗaya ka ɗora a kai, ba abin da zai zauna a ciki. Sau da yawa ma ƙasa da haka ya isa, domin ba duk fihirisa ake taɓawa ba. Ka duba `Key_blocks_used` a cikin `SHOW GLOBAL STATUS`, shi ne mafi yawan tubalan da aka taɓa cikawa a lokaci ɗaya tun da aka tayar da sabar, kowane tubali kuma bait 1024 ne a saitin asali. Idan sabar ta yi mako tana aiki ka ga lambar ta tsaya a 700,000, to abin da MyISAM ya taɓa nema bai kai megabait 700 ba, kai kuma ka ware masa gigabait 6.

Ba ka turo mini waɗannan lambobin ba, don haka bari in ɗauki misali mai kama da abin da na saba gani. A ce InnoDB na da gigabait 22 idan aka haɗa bayanai da fihirisa, MyISAM na da gigabait 6 na bayanai da megabait 900 na fihirisa. Ni da zan fara, sai in ba `key_buffer_size` 1G, in bar tafkin InnoDB a 8G yadda yake, in kashe ma'ajiyar amsoshi, wadda `query_cache_size` ke auna girmanta, gaba ɗaya. In ware wa Linux da ƙananan manhajojin da ke tare da shi gigabait ɗaya da rabi, in ware wa masu haɗuwa da sabar da teburan wucin gadi gigabait 2. Idan ka tara, da ƙarin da tafkin ke ci, ka samu 13 da 'yan kai. Saura kusan gigabait 3, kuma da gangan na bar su. Kada ranka ya raya maka cewa an yi asararsu. Su ne wurin zaman fayilolin `.MYD`. Idan ka buga `free -h` za ka gan su ƙarƙashin `buff/cache`, lambar da za ka riƙa sa wa ido kuma ita ce ta `available`, ba ta `free` ba. Sabar Linux mai lafiya kusan kullum `free` ɗinta kaɗan ne, don Linux ba ya barin RAM zaune ba aiki.

Sai dai wannan gigabait 3 ɗin ba zai zama na MyISAM ba sai ka hana InnoDB shiga cikinsa. A 5.7, idan ba ka canza ba, InnoDB ta hannun Linux yake karanta fayilolinsa, Linux kuma ya riƙa ajiye kwafinsu kamar kowane fayil. Gigabait 22 na InnoDB su zo suna tunkuɗe gigabait 6 na MyISAM daga ɗan wurin da ka bar musu, alhali InnoDB na da nasa tafkin. Maganin layi ɗaya ne: `innodb_flush_method=O_DIRECT`. Da shi InnoDB zai riƙa karanta fayilolin bayanansa yana rubuta su kai tsaye, ba tare da Linux ya riƙe kwafi ba. A saba mai gauraye irin taka ina ganin wannan layin ya fi ƙarin gigabait ɗaya ko biyu a tafki amfani. Yana bukatar a kashe MySQL a sake tayarwa. A MySQL 8.4 ma shi aka mayar saitin asali a Linux idan faifan ya yarda da shi.

Za ka ce ai gigabait 8 ba zai ɗauki 22 ba. Ba lallai ne ya ɗauka ba. Abin da ake so ya shiga tafki shi ne shafukan da ake yawan taɓawa, ba tarihin shekara biyar da ba mai buɗewa ba. A yawancin rumbunan da ake rubuta harkokin yau da kullum, sababbin layuka da manyan rassan fihirisa su ne ke shan aiki, kuma ɗan kaso ne na jimillar. InnoDB kuma yana da dabarar kare su. Sabon shafin da aka ɗauko daga faifai ba ya zuwa kan layi kai tsaye, a ɓangaren tsofaffi ake ajiye shi, wanda ke da kusan kashi 37 cikin 100 na tafkin. Ba zai haura ɓangaren masu zafi ba sai an sake nemansa bayan daƙiƙa ɗaya ta wuce da taɓawar farko. Wannan shi ne aikin `innodb_old_blocks_pct` da `innodb_old_blocks_time`. Amfaninsa shi ne, idan `mysqldump`, manhajar ɗaukar kwafin ajiya, ya bi tebur daga farko har ƙarshe, shafukan da ya kwaso za su shiga su fita ta ɓangaren tsofaffi, ba su kori waɗanda ake aiki da su kullum ba. Ka bar waɗannan biyun yadda suke.

Yaya za ka san tafkin ya isa ko bai isa ba? Lambobi biyu ne. `Innodb_buffer_pool_read_requests` na ƙirga duk neman da aka yi, `Innodb_buffer_pool_reads` kuma na ƙirga waɗanda ba a samu a RAM ba sai da aka je faifai. A ɓangaren MyISAM takwarorinsu su ne `Key_read_requests` da `Key_reads`, littafin jagora kuma ya ce na biyun ya kasance ƙasa da kashi 1 cikin 100 na na farkon. Amma a nan ina da ja da yadda mutane ke amfani da wannan kason. Na farko, ƙirgar tun ranar da aka tayar da sabar take, don haka awannin dare da ba a aiki da na tsakar rana duk sun cakuɗe. Na biyu, kaso yana yaudara. Idan ana neman shafi 500,000 a daƙiƙa, kashi 99 cikin 100 ana samu a RAM, saura 5,000 ke nan a kowace daƙiƙa da sai an je faifai. Faifai mai juyawa sau 7,200 a minti da ƙyar yake haura karatu ɗari a daƙiƙa idan wurare ne barkatai. Kashi 99 ɗin da ya yi maka kyau a ido ya durƙusar da shi, alhali SSD, faifan da ba ya juyawa, zai shanye wannan nauyin. Saboda haka ka auna adadi a daƙiƙa, a lokacin da aiki ya fi zafi:

`mysqladmin extended-status -r -i 60`

Zai riƙa nuna maka bambancin kowane minti. Ka yi watsi da fitowar farko, ka raba sauran da 60, ka kwatanta da abin da faifanka zai iya. Ka haɗa da duba `Innodb_buffer_pool_pages_free`: idan sabar ta kwana biyu tana aiki amma shafuka masu yawa na nan wayam, tafkin ya yi maka yawa. Idan kuma `Innodb_buffer_pool_wait_free` na hawa, InnoDB na tsayawa jiran a sauke shafukan da aka canza kafin ya samu gurbi, wannan kuma kan nuna faifai ba ya cim ma rubutu ne, ƙarin RAM kaɗai ba zai warware shi ba.

Yanzu ga abin da nake zargin shi ke kashe maka sabar da dare, kuma ba tafki ba ne, ba fihirisa ba ce. Saitunan da muka yi magana a kansu sau ɗaya ake ware su ga sabar gaba ɗaya. `sort_buffer_size` da `join_buffer_size` da `read_buffer_size` da `read_rnd_buffer_size` kuwa na kowane mai haɗuwa ne, duk lokacin da tambayarsa ta bukace su. Tambaya ɗaya mai haɗa tebura da yawa ba tare da fihirisa ba tana iya ɗaukar `join_buffer_size` fiye da sau ɗaya. Saitin asalin `sort_buffer_size` kilobait 256 ne, kai ka mai da shi megabait 32, ninki 128 ke nan, ka kuma buɗe ƙofa ga mutum 500 inda asali 151 ne. Ba duka za su yi jere a lokaci ɗaya ba, amma ko 60 suka haɗu, an kusa gigabait 2 a wurin da ba ka bar ko rabin gigabait ba. Kuma girman ba ya ma ƙara sauri a kullum, domin a Linux ware babban wuri ya fi ware ƙarami tsada, littafin jagora ya ambaci iyakoki biyu, kilobait 256 da megabait 2, inda abin ke iya yin nauyi idan an haura su.

Na taɓa ganin irin wannan da idona a wani wurin da na yi wa aiki. Kowane dare wajen ƙarfe biyu ake haɗa rahotanni, a daidai lokacin kuma ake ɗaukar kwafin ajiya. Na zauna gaban allo na buɗe `vmstat 1`, ina kallon ginshiƙai biyu, `si` da `so`, waɗanda ke nuna abin da ake kwasowa daga suwaf (wurin faifai da Linux ke tura abin da ke RAM idan ya cika) da abin da ake turawa can. Sifili, sifili, sifili, har rahotannin suka tashi. Sai `so` ya fara motsi, ɗaruruwa, dubbai, `si` ya biyo bayansa. Na buga harafi a allon, sai ya ɗauki daƙiƙu kafin ya bayyana. Bayan 'yan mintoci komai ya saki lokaci ɗaya, kwamfutar ta dawo garau, domin MySQL ba ya nan. Na buga `dmesg`, umarnin da ke nuna saƙonnin Linux, ga layin nan da ke cewa RAM ya ƙare an kashe `mysqld`. Washegari muka kwana muna gyaran teburan MyISAM da aka kashe suna tsakiyar rubutu, su kuwa na InnoDB suka farfaɗo da kansu daga kundinsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, wanda ya ƙara lambobin ya yi ne da kyakkyawar niyya, don rahoto ɗaya tak ya yi sauri. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Kai ma ka duba `dmesg` ko kundin Linux na daren da abin ya faru, ina kyautata zaton za ka ga layi irin wannan.

Gyaran mai sauƙi ne. Ka mayar da huɗun nan na kowane mai haɗuwa saitinsu na asali a `my.cnf`, fayil ɗin saitunan MySQL. Rahoton da ke bukatar babban wuri ya nemi nasa da kansa: kafin ya gudu ya buga `SET SESSION sort_buffer_size` da girman da yake so, idan ya gama abin ya tafi da shi. Ka duba `Max_used_connections` ka ga mutum nawa suka taɓa haɗuwa a lokaci ɗaya, ka saita `max_connections` sama da hakan kaɗan. Teburan wucin gadi ma haka: wanda MySQL ke ƙirƙira a RAM don `GROUP BY` da makamantansa ƙaramin cikin `tmp_table_size` da `max_heap_table_size` ne iyakarsa, kowanne megabait 16 a asali, kuma iyakar ta kowane tebur ce, ba ta jimilla ba. Idan kana da teburan injin MEMORY, su ma ba sa cikin tafki ko ma'ajiyar fihirisa, ka ƙirga su daban.

Game da suwaf, ka riƙe wannan: tafki ƙarami da ke zaune cikin RAM ya fi babba da rabinsa ke faifai nesa ba kusa ba. InnoDB ya ɗauka duk abin da ke tafkinsa a hannu yake, don haka yana iya riƙe makulli yana taɓa shafi, shafin kuma ashe Linux ya tura shi faifai, kowa ya tsaya jira. Ka sauke `vm.swappiness` daga 60 ɗin da Linux ke zuwa da shi zuwa 1 ko abin da bai wuce 10 ba. Ni ba na cire suwaf gaba ɗaya, don gara sabar ta ɗan yi nauyi in samu lokacin shiga in duba da a kashe MySQL ba sallama.

Ma'ajiyar amsoshi ba ta bukatar dogon bayani. Duk rubutu ɗaya da aka yi a tebur yana goge dukkan amsoshin da suka shafi teburin, kuma makulli ɗaya ke tsaron ƙofarta, kowa sai ya bi layi. Girmanta na gigabait ɗaya ƙara tsawon sharar kawai yake yi. Tun 5.6 ake zuwa da ita a kashe, aka cire ta ɗungurum a 8.0. Ka sa `query_cache_type=0` da `query_cache_size=0`, ka sake tayar da sabar.

Idan ka zo gyara girman tafki, 5.7 ya yi maka gata, domin kana iya canza shi sabar na aiki da `SET GLOBAL`. Amma girman dole ya zama ninkin `innodb_buffer_pool_chunk_size` sau `innodb_buffer_pool_instances`. A asali megabait 128 ne sau 8 idan tafkin ya kai gigabait ɗaya, wato gigabait ɗaya cif. Ka nemi 9.5G, zai ba ka 10G, sama yake ɗagawa ba ƙasa ba. A saba mai ƙuncin RAM wannan rabin gigabait ɗin ba wasa ba ne. Kuma abin da ka canza da `SET GLOBAL` zai ɓace idan aka sake tayarwa sai ka rubuta shi a `my.cnf`, don `SET PERSIST` sai a 8.0 ya zo. Kada kuma ka yanke hukunci a kan sabon saiti a awar farko bayan tayarwa. InnoDB na ajiye jerin kashi 25 cikin 100 na shafukansa masu zafi idan zai rufe, ya sake lodo su idan ya tashi, amma sauran sai aiki ya cika su. Ka canza abu ɗaya, ka bar shi ya ga ranar aiki cikakkiya da daren rahoto, sannan ka taɓa na gaba.

Idan wata rana ka koma MariaDB, wadda reshe ce ta MySQL, ka sani akwai baki na uku a rabon. Injin Aria na da tasa ma'ajiyar, `aria_pagecache_buffer_size`, megabait 128 a asali, kuma ko ba ka da teburin Aria ko ɗaya na kanka, teburan wucin gadi da suka sauka faifai da shi ake yin su. MyRocks, wanda Facebook ya gina a kan RocksDB, shi ma da nasa `rocksdb_block_cache_size`. Duk injin da ka kunna, ka tambayi abu biyu: me yake riƙewa da kansa, me kuma ya bar wa Linux. Da wannan tambayar za ka gane dalilin da ya sa masu PostgreSQL, wata manhajar rumbun bayanai ta daban, ke fara `shared_buffers` daga kashi 25 cikin 100 kacal, domin shi ma yana jingina da ma'ajiyar Linux sosai.

Duk abin da na faɗa a sama lallaɓawa ce. Ra'ayina, kuma ba na ɓoye shi, shi ne ka fitar da teburan nan daga MyISAM. Tun 5.5, a shekarar 2010, InnoDB ya zama injin asali na MySQL. Dalilan da suka sa mutane suka riƙe MyISAM sun kau: binciken cikakken rubutu ya shigo InnoDB a 5.6, fihirisar taswira a 5.7. Abin da ya rage wa MyISAM shi ne kulle tebur gaba ɗaya saboda rubutu ɗaya, da lalacewa idan wuta ta ɗauke ko aka kashe sabar yana tsakiyar aiki. Ina ma zargin wani kaso na tafiyar hawainiyar da kake gani da rana ba na RAM ba ne, jiran makulli ne. Duba `Table_locks_waited`, idan yana hawa da rana, ka samu amsarka.

Juyawar `ALTER TABLE suna ENGINE=InnoDB` ce, amma kada ka yi ta da gaggawa. Tana kwafe teburin gaba ɗaya, rubutu na tsayawa har ta gama, kuma kana bukatar sararin faifai da zai ɗauki tsoho da sabo a lokaci ɗaya. Teburin zai ƙara girma a InnoDB. Ka tabbata kowanne na da babban mabuɗi, gajere kuma, domin kowace ƙaramar fihirisa tana ɗauke da kwafinsa a kowane layi, dogon mabuɗi kuwa cin tafki ne kai tsaye. Ƙirga dukkan layukan tebur, wanda MyISAM ke amsawa nan take saboda ya ajiye adadin, a InnoDB sai an bi fihirisa an ƙirga, don haka ka duba ko manhajarku na yawan yin hakan. Kada kuma ka taɓa teburan da ke cikin rumbun `mysql` kansa a 5.7, da dama daga cikinsu MyISAM ne kuma haka sabar ke son su. Ka fara da ƙaramin tebur, a kan kwafi, ka auna lokacin da ya ɗauka.

Duk teburin da ka juya, sai ka rage `key_buffer_size` gwargwadon fihirisarsa, ka tura rarar zuwa tafki gigabait ɗaya-ɗaya, kana kallon `available` da `si` da `so`. Ranar da na ƙarshe ya juya, megabait 32 ya ishi `key_buffer_size`, gigabait 3 ɗin da muka bar wa fayilolin `.MYD` ba su da sauran aiki, tafkin na iya kai 11G, ko 12G idan masu haɗuwa ba su da yawa. Wannan ya yi daidai da abin da `innodb_dedicated_server` ke zaɓa a 8.0, wato kashi 75 cikin 100 ga sabar da ta haura gigabait 4. Tunda kuma tallafin 5.7 ya ƙare a watan Oktoban 2023, juyawar za ta sauƙaƙa maka hawa 8.0 ko 8.4 idan lokacin ya yi.

A daren yau dai ka yi huɗun da ba su da haɗari: ka kashe ma'ajiyar amsoshi, ka mayar da `sort_buffer_size` 256K, ka sauke `key_buffer_size` zuwa girman fihirisarka, ka sa `O_DIRECT`. Sannan ka turo mini sakamakon tambayar `information_schema` ɗin nan, da `Key_blocks_used`, da `Max_used_connections`, da fitowar `mysqladmin` ta minti goma a tsakar ranar aiki, mu daidaita girman tafkin a kan lambobinka na gaskiya.